Takwaran Rahamim Mai Laima

Yayana Rahamim, Allah ya kai haske kabarinsa, mutum ne da bai damu da dukiya ba, ita ma kuma ba ta taɓa damuwa da shi ba. Abu ɗaya ya sa a gaba tun yana saurayi har ya yi furfura, wato sunansa. Ni Mas'uda ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma gida ɗaya muka zauna a Rangun, babban birnin ƙasar Bama da ke gabas da Indiya, tun daga rasuwar mijina, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

Gyaran laima yake yi a wani ɗan lungu kusa da Titin Mogul, tsakanin Menashe mai ƙanƙara da wani Ba'indiye mai ɗinkin katifa. A garin da ruwa ke zuba rabin shekara bai kamata mai gyaran laima ya san talauci ba, amma yayana ya samo hanya. Duk laimar da aka kawo masa, ko ƙarfe ɗaya ne ya karye, sai ya ɗauki tsinin wuƙa ya zana sunansa a jikin mariƙin. Gyaran ba ya cin lokaci, zanen ne ke cinye masa yini. Wani ɗan Bama ma'aikacin jirgin ƙasa ya taɓa dawowa a fusace, ya ce matarsa ta hana shi barci tana tambayar wace ce Rahamim. Yayana ya ji daɗin wannan magana har sai da ya ba da labarinta a ƙofar majami'armu ta Yahudawa ranar Asabar.

Allon shagon ma sai da aka yi rigima a kansa. Mai fenti ya rubuta Rahim, ya ce katakon ne ya gaza. Yayana ya ce shi ba a rage masa haruffa. Ya sa aka ƙara katako har allon ya leƙa gaban shagon mai katifa, suka shekara suna gaisawa sama-sama.

A wurinmu, mu Yahudawan da kakanninmu suka taso daga Bagadaza, jikan fari namiji na kakansa ne na wajen uba. Tun kakan yana raye ake yi masa takwara. Ranar kaciya shi zai zauna ya riƙe jaririn a cinya, ya ji an kira sunansa a gaban jama'a, daga nan sai ya fara tafiya a hankali kamar mai gidan bene. A gidanmu sunaye biyu muke juyawa: Rahamim ya haifi Nisim, Nisim ya haifi Rahamim, haka har can baya inda ba wanda ke tunawa. Yayana ya karɓi nasa daga kakanmu, kuma yana ganinsa kamar amana ce da zai miƙa hannu da hannu.

Sai Allah ya fara ba shi 'ya'ya mata huɗu a jere kafin Nisim ya zo. Matan suka girma, suka yi aure. Ɗan farin kowace ya tafi ga uban mijinta, wannan ba gardama. Na biyu shi ne rabon kakan wajen uwa. To kamar haɗin baki, kowace ta haifi namiji ɗaya tak, daga nan ta koma zubo mata. Shi kuwa Menashe mai ƙanƙara takwarorinsa uku. Ranar Asabar sai ya jera su a ƙofar shagon yayana, ya kira "Menashe", duk ukun su waiwayo tare, sannan ya ce wa yayana, "Abu Nisim, in kana so in ara maka ɗaya har zuwa la'asar."

"Riƙe abinka," in ji yayana. "Ni ba na son kayan da ke narkewa."

Amma yana dawowa gida ba ya iya cin abinci. To, abincin gida ke nan. Akwai wata mata 'yar Bama a bayan kasuwa mai miyar taliya da tarwaɗa, kifin da ba shi da ɓawo, wanda addininmu ya hana. Idan ran yayana ya ɓaci can yake zuwa ya zauna yana fuskantar bango. Shi a tunaninsa asiri ne, alhali har yaran unguwa sun san bencinsa.

Da yaƙi ya zo, Japanawa suka fara ruwan bama-bamai, muka gudu Kalkata a jirgin ruwa kamar kowa. A can matarsa Tufaha ta rasu, a can kuma Nisim ya samo mata. Sunanta Gitel, Bayahudiya ce daga ƙasar Foland, fara, siririya, ita kaɗai ta iso Indiya bayan yawon da ba ta son ba da labarinsa. Matan unguwarmu suka daɗe ba su yarda Bayahudiya ce ba. Ba ta jin Larabcinmu, barkono na sa ta kuka, kuma an kama ta tana zuba sukari a kifi. Yayana ne ya tsaya mata, ya ce duk wadda ta taɓa ta shi ta taɓa. Ni na san ba tausayi ba ne ya fara kawo wannan. Ya dubi yarinyar ne ya ga hanyar da takwaransa zai biyo.

Amma bayan mun dawo Rangun, ya sake buɗe shago a ƙarƙashin rabin allon da bam ya bar masa, sai ƙaunar da yake nuna mata ta zama ta gaske. Gitel ta iya allura, don ubanta mai ɗinkin hula ne. Takan zauna a bayan shagon tana ɗinke yadin laima, tana koyon Larabci a bakinsa, har da zagin da bai kamata mace ta iya ba. Baba take kiransa. Ita ce ta farko da ta taɓa yaba masa zanen sunan nan. "Babana ma yana ɗinka alamarsa a cikin kowace hula," ta ce. Kullum haka take magana. Babana yana cewa, Babana ba ya son zare mai kauri, Babana zai yi dariya idan ya ga wannan ruwan. Mu kuwa mun riga mun ji kisan gillar da aka yi wa Yahudawan can a lokacin yaƙin, amma ba wanda ya taɓa tambayarta.

Da ta sami ciki, yayana ya zama abin kallo. Ya sayo gadon jariri tun cikin bai fito ba, ya zana sunan a wajen kai da wajen ƙafa. Ya je majami'a ya goge kujerar Annabi Iliya da ake kawowa gidan kaciya, har mai shara ya yi ƙarar sa wurin Haham Shim'on, malaminmu, cewa ana so a raba shi da aikinsa. Na ce masa, "Yaya, idan mace ce fa?" Ya kwana biyu bai yi mini magana ba.

Namiji aka haifa, ran wata Talata da hantsi, ruwa na dukan kwano. Da aka gyara ɗakin aka ba shi izinin shiga, ya shigo da hularsa ta Asabar, ya leƙa fuskar jaririn, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Sannu da zuwa, Rahamim ƙarami."

Gitel, da ko zama ba ta iya yi sosai, ta zabura ta rungume ɗanta. Ta juya gefe ta yi tofi sau uku, tuf, tuf, tuf. "Allah ya kiyaye, Baba. Kada ka ƙara faɗa."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Ya fita da baya, ya zauna a matakala, ya cire hular ya ɗora a gwiwa. An tofa wa sunansa yawu, a gidansa, a gaban ungozoma, kuma ungozomar 'yar uwar matar Menashe ce.

Nisim ne ya bi shi yana murza hannu. Yaron nan tun yana ƙarami idan yana da laifi hannu yake murzawa.

"Baba, ba raini ba ne. Su a wurinsu ba a yi wa mai rai takwara. Sai wanda ya rasu."

"Sai wanda ya me?"

"Ya rasu. Suna cewa idan mala'ikan mutuwa ya zo gida ya tarar da suna ɗaya a kan mutum biyu, zai iya ruɗewa. Ko kuma dai kamar ana gaya wa tsohon ya matsa ne, an sami madadinsa."

"Kai ka san da wannan tun yaushe?"

"Tun a Kalkata."

"Ka bar ni na zana gado."

"Na ɗauka mace za a haifa," in ji Nisim.

Kwana takwas ne tsakanin haihuwa da kaciya, ranar kuma ake raɗa suna, saboda haka yayana bai da lokacin yin fushi yadda ya so. Washegari ya koma ɗakin da lallashi. Ya tsaya a bakin labule ya ce, "'Yata, saurara. Mala'ikan mutuwa na Rangun ya san mu. Tun zamanin kakana yake aiki a layin nan bai taɓa ɗaukar wani a madadin wani ba. Menashe huɗu ne a gida ɗaya, kullum ina addu'a ya ruɗe, ya ƙi."

Na ji ta yi 'yar dariya, amma ba ta sauka ba. "Baba, ni ba ni da wanda zan yi caca da shi kuma. Kai ne ka rage mini. Ba zan sa sunanka ba kana raye."

"To ashe laifina shi ne ina raye."

"Ka yi ta laifin har shekara ɗari da ashirin."

Duk wani tsoho mai hankali da ya ji wannan zai je ya kwanta da farin ciki. Yayana ya je ya kwanta, amma da dabara. Akwai al'adar da muke yi wa wanda ciwo ya kai shi gargara: Haham ya tara mutum goma a yi addu'a, a sauya masa suna, a ce daga yau shi Hayim ne, wato rayuwa, don idan mala'ika ya zo da tsohon sunan ya tarar ba mai shi. Yayana ya lissafa cewa idan aka mai da shi Hayim, to Rahamim ya zama ba kowa, ba mai rai a ƙarƙashinsa, sai yarinyar ta ɗauka ta sa wa ɗanta hankali kwance. Ya faɗa mini wannan yana murmushi kamar wanda ya ƙirƙiro jirgin sama.

Na ce, "Yaya, in an kira yaron Rahamim kai kana Hayim, takwaran wa ke nan?"

"Mace ba za ta gane ba," ya ce. "Jiƙo mini tsumma."

Ya ɗaure kai, ya shiga nishi. Nishin kuwa yana da tsari: idan ya ji takun mutum a matakala sai ya ƙaru, idan an wuce sai ya huta. Ya aika a kira Haham Shim'on. Haham tsoho ne da ya binne rabin unguwar nan, ya san warin mutuwa kamar yadda na san warin albasa. Ya shigo, ya zauna, ya riƙe hannun yayana, ya ce, "Abu Nisim, ina ke ciwo?"

"Ko'ina, Haham. Na ga mahaifiyata a mafarki tana yafuto ni. A tara mutum goma kafin lokaci ya ƙure."

Haham ya shinshina iska. Sai ya sa sandarsa a ƙarƙashin gado ya jawo kwano. Sauran romo ne a ciki, da 'yar taliya, da ƙashin kan tarwaɗa yana kallonmu.

"Wannan maganin ne?"

"Na mai katifa ne. Ajiya ya ba ni."

"Abu Nisim," in ji Haham, "ba ka kusa da kabari. Wuta ce dai kake kusa da ita. Suna kuma ba riga ba ne da za ka tuɓe ka ba jikanka ka ari wata. Tashi ka wanke bakinka."

Kafin Haham ya kai ƙarshen layi labarin ya riga shi. Yayana kuwa kunya ta hana shi warkewa nan take, sai ya ci gaba da kwanciya, wai yana farfaɗowa.

Ran kwana shida da yamma aka yi shasha, bikin da muke yi wa jariri. Yaran unguwa suka cika tsakar gida suna buga gwangwani suna ihun shasha, shasha, muna watsa musu gyaɗa da 'ya'yan kankana soyayyu da alewa. Mata suka cika ɗakin mai jego, kowace da shawararta. Wata ta rataya tafarnuwa a gadon jariri, wata ta cusa wuƙa ƙarƙashin katifa don aljanu, Gitel na kallonsu kamar an kawo ta asibitin mahaukata. Ɗakin yayana katako ɗaya ne ya raba shi da wannan, kuma na san kunnensa na jikin katakon.

Lulu matar Menashe ce ta buɗe baki. Ba muguwa ba ce, bakinta ne ke riga hankalinta fita. Ta ce, "Ni ban ga abin wahala a nan ba. Tunda ku matattu kuke yi wa takwara, ai ke kin fi kowa zaɓi. Ki sa sunan mahaifinki mana, kowa ya huta."

Gitel ta dube ta. "Wa ya gaya miki Babana ya mutu?"

"A'a, ni dai na ce, yadda aka ce an yi a can..."

"Kin ga gawarsa? Wani ya zo ya ce ya gani?" Ba ta ɗaga murya ba. Larabcinta ne ya kakkarye, ta dinga haɗawa da yarensu. "Na bar shi a ƙofar shago da almakashi a hannu. Ya ce in yi gaba zai biyo ni. Ranar da na sa wa yaro sunansa, ni na binne shi da hannuna. Ba zan yi ba."

Gwangwanin yara na ta ƙara a waje. Tausayinta ya kama ni har na ji kunyar duk dariyar da na yi wa kifinta mai sukari. Yarinyar nan tana tsakanin tsofaffi biyu: ɗaya ba za ta sa sunansa ba don yana raye, ɗaya ba za ta sa ba don kada ya zama ya mutu. Nisim ya leƙo ya ce sun yanke shawara za a sa wa yaron Yusuf, sunan da ba na kowa ba a dangin biyu. Daga bayan katako ban ƙara jin nishi ba.

Da safe yayana ya kwance tsumman kansa ya tafi shago. Na kai masa shayi na tarar ya gyara laima uku ya jingine, ba wadda ya zana wa komai. Bai dube ni ba ya ce, "Mas'uda, yarinyar nan tana kunna kyandir?"

"Duk daren Asabar."

"Ba wannan ba. Na tunawa da matattu."

"Ban taɓa gani ba."

Ya gyaɗa kai ya ci gaba da lanƙwasa ƙarfe. Da yamma aka kawo kujerar Annabi Iliya, aka lulluɓe ta da alharini, aka ɗaure mata ganyen yas mai ƙamshi kamar yadda ake yi. Shi da ya yi wata da watanni yana goge ta, ko kusa da ita bai zo ba.

Ranar kaciya gidan ya cika tun da sassafe. Rabin mutanen don albarka suka zo, rabin don su ga fuskar yayana idan an kira Yusuf. Menashe ya zo da takwarorinsa uku, ya zaunar da su a sahun gaba. Aka miƙo jaririn daga hannu zuwa hannu har cinyar yayana. Mai kaciya ya yi aikinsa, yaron ya tsala kuka, aka ɗiga masa ruwan inabi a leɓe ya yi shiru. Haham Shim'on ya ɗaga kofi ya fara addu'ar, ya kai inda ake cewa a kira sunansa a cikin Isra'ila, ya tsaya ya dubi Nisim.

"Dakata," in ji yayana.

Nisim ya fara murza hannu. Haham ya ce, "Abu Nisim, ba yanzu ba."

"Yanzu ne. Jikana ne a cinyata, gidana ne." Ya juya wajen labulen da mata ke bayansa, inda nake tsaye riƙe da kafaɗar Gitel. "'Yata, kina ji na?"

"Ina ji, Baba."

"Mai ɗinkin hular nan, ya sunansa?"

Na ji jikinta ya sandare a hannuna. Ta ce, "Mendel."

"To. Ku duka ku saurara, har da masu ƙanƙara. A gidan nan wa ake yi wa takwara? Haham, faɗa musu."

"Masu rai," in ji Haham a hankali.

"Masu rai. Haka kakana ya yi, haka ubana ya yi, kuma ba wata yarinya daga Foland da za ta zo ta sauya mini al'ada a ƙarƙashin rufina. Mutumin nan kaka ne kamar ni. Yana hanya, bai iso ba, ni kuwa ina nan ina cin abinci sau uku, wani lokaci huɗu. Na ba shi layina. Za a sa sunansa irin yadda muke yi, duk wanda ya ji sunan a Rangun ya san mai shi yana raye. Idan ya zo ya ɗauki takwaransa a cinya. Idan kuma..." Ya tsaya, ya gyara zanen jaririn da bai buƙatar gyara. "Ba wanda zai tambaye ki irin na wa aka yi. Amma ni ba zan faɗa ba. Ke za ki faɗa, ko ki ce Yusuf, a sha ruwan inabi a tashi."

Ba a taɓa yi ba, mace ta raɗa suna daga bayan labule. Amma Haham bai hana ba. Gitel ta sa hannu biyu ta toshe fuskarta, hawaye na bi ta tsakanin yatsunta. Sannan ta sauke hannun ta ce, yadda har na matakala suka ji, "Mendel."

"Mendel ɗan Nisim," in ji Haham, ya ƙarasa addu'arsa.

Ni kuka nake, ba na ɓoyewa. Amma mutanenmu ba sa barin abu mai kyau ya daɗe da kyansa. Tun ba a gama rabon sambusa ba Menashe ya ce, "Me aka ce? Mandil?" Mandil kuwa a Larabcinmu hankici ne. Kafin azahar duk unguwa ta san jikan Rahamim mai laima sunansa Hankici, kuma da shi ya girma.

Kada a ɗauka yayana ya zama waliyyi daga ranar. Ya yi shekara shida yana mita. Duk wanda ya kawo laima sai ya ji yadda aka yi masa fashin takwara a cinyarsa, kamar ba shi ya miƙa da kansa ba. Ya koma zanen mariƙi, har ya ƙara girman haruffan. Gadon jaririn ma bai kankare ba, Mendel ya yi ta barci tsakanin Rahamim biyu, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa. Amma duk ranar da babban jirgin ruwa ya shigo, sai ya rufe shago ya saɓa yaron a wuya su tafi bakin tasha, wai su ga ko mai hula ya iso. Yakan dawo ya ce wa Gitel, "Bai shigo wannan ba. Mutanenku ba sa cika alkawari a kan lokaci." Ita kuma ta ce, "Babana kullum yana makara."

Mai hula bai iso ba, labarinsa ma bai iso ba. Unguwar ta fara watsewa, wasu Isra'ila, wasu Landan, wasu Ostireliya, har mutum goma na addu'a ya zama sai an bi gida-gida. A damina ta bakwai da haihuwar Mendel yayana ya kwanta, wannan karon ba tsumma, ba nishi. Shirun ne ya tsorata ni. Gitel na da tsohon ciki a lokacin, amma ita ke juya shi, ita ke ba shi ruwa a cokali.

Haham Shim'on ya zo da kansa ba a kira shi ba, ya tattaro mutum goma da ƙyar, har da Menashe da babban takwaransa. Bai leƙa ƙarƙashin gado ba. Ya zauna ya ce, "Abu Nisim, abin da ka taɓa roƙo na hana ka, yau na kawo maka. Za mu sa maka Hayim."

Yayana ya buɗe ido. Ya dubi Haham, ya dubi cikin Gitel, ya daɗe yana kallo.

"Kada wanda ya taɓa mini suna," ya ce. "Sai yanzu da zai yi amfani?"

"Baba, ka bari a yi," in ji Gitel tana kuka. "Ba na so. Ka riƙe abinka."

"Kin ce ba za ki sa sunana ina raye ba. Na cika sharaɗi, saura ke."

Ya rasu kafin Asabar, da sunansa cikakke.

Mace aka haifa. Ran shasha, da yara kaɗan da suka rage a layin suna buga gwangwani, Gitel ta ɗaga ta ta ce sunanta Rahma. Lulu ta ce da marigayi na nan da ya ce an rage masa haruffa, muka yi dariya har muka koma kuka. Aka kwantar da ita a gadon nan mai zane a kai da ƙafa.

Duk shekara idan ranar rasuwarsa ta zagayo, Gitel takan kunna kyandir ta ajiye a taga, ta zauna kusa da shi da ɗinkinta. Har muka bar Rangun, guda ɗaya take kunnawa, na yayana kaɗai.